Shawara Biyu

Ban san wanda ya fara kiran ciwon nan da suna shawara ba, amma ko wane ne, ya san halin mutanenmu. Ranar da aka ce mijina yana da shawara, kafin la'asar gidanmu ya cika da masu ba da ita. Ɗaya tana cin hantarsa daga ciki, ɗaya tana shigowa ta ƙofar gida da sallama, har a shimfiɗa mata tabarma. Ina rubuta wannan ne ina cikin takaba, domin wanda Allah ya jarraba da irin jinyar da na yi kada ya bi ta inda muka bi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya lafiya.

Sunana Kulu. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Dawakin Tofa, inda gonaki suka matse juna har in ka yi atishawa a taka, maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijina Malam manomi ne kuma ɗan acaɓa, amma mutanen gari Na-Tsaye suke ce masa, don ba wanda zai rantse ya taɓa ganinsa a zaune in ba a sallah ba. A tsaye yake shan koko, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan babur.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, taki ya fi ƙarfin talaka, sai saurin nasa ya ninka. Da asuba yana gona, da hantsi yana hanyar Bici da fasinja, da la'asar ya koma gona, kafin magariba ya kai wa mutane kayan miyarsu bakin titi. Ni ma ba zaune nake ba. Gyaɗa ta yi tsada, sai in yi ta matsar tunkuza har ta bar ƙyalli, ko zan ƙara rabin kwalba. Maganarmu ta koma ta bayan juna, ni ina fuskantar murhu, shi yana fuskantar ƙofa.

Ana cikin noman maimai abin ya fara. Kasala, ɗan zazzaɓi da yamma, tuwo ya fita daga ransa. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, kamar yadda yake ce wa kowa, ya ƙulla masa ƙwayoyi a leda. Malam ya haɗiya ya hau babur. Daga baya ya gaya mini fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara, na ce rana ce, ya riƙa shan ruwa.

Talatu ce ta gani. Maƙwabciyata ce ta bayan gida. Su 'yan coci ne, mu Musulmi, amma danga ɗaya ce tsakaninmu tun zamanin kakanni. Ta shigo aron rariya, ta gaishe shi yana ɗaure buhu a babur, ya ɗago ya amsa. Sai ta ja ni bayan rumbu.

"Kulu, kin kuwa kalli idon mijinki?"

Ban kalla ba. Wa yake da lokacin kallon ido a irin shekarun nan? Na je na ce ya dube ni. Farin idon nan gaba ɗaya ya koma ruwan ɗorawa.

Talatu ta ce a kai shi asibiti tun ranar. Amma kafin mu yanke magana labari ya kai wa Yaya Haruna, wan Malam, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya zo, ya ja fatar idon ƙanensa ƙasa, ya girgiza kai ya ce shawara ce. Ya kafa doka: ba mai, ba nama, ba gishiri. Sannan ya juyo gare ni.

"Abu ɗaya nake so ki riƙe. Ba a yi wa mai shawara allura. Da ta shiga jikinsa, shi ke nan."

Ya lissafo mutanen da aka kai asibiti da shawara aka dawo da su a naɗe. Duk mun san su, mun je ta'aziyyarsu. Ba wanda ya musa, don da jin wannan magana muka tashi dukanmu. Malam ya gyaɗa kai, aka jingine babur a zaure.

Daga nan ɗaya shawarar ta sauka. Gwaggonsa ta kawo saiwar rawaya, ta ce rawaya ce take korar rawaya. Wani ya kawo ganyen gwanda, wani sassaƙen marke, wani ya ce rake kawai za a yi ta ba shi. Wani abokin acaɓarsa ya kawo baƙin ruwa a gorar roba daga wajen mai magani a kasuwa, ba suna ba takarda. Kowa ya kawo nasa zai dawo washegari ya tambaya ko an sha, in ka ce ba a sha ba ka raina shi. Malam mutum ne mai kunya, duk ya shanye. Tukwanen jiƙo suka jeru a gindin rumbu, sun fi na abinci yawa.

Sai kuma aka ce ko ƙamshin suya yana tayar da shawara. Gidan da da mai yake ci, aka hana shi warin mai. Dole na kwashe kaskona na koma gidan Talatu. Ta ba ni murhunta, ta sha hayaƙina wata da watanni, ko ƙuli ɗaya ba ta taɓa yarda ta karɓa ba. Allah ya saka mata da alheri, ni ba ni da abin biyanta.

Makon farko faɗa Malam ya yi ta yi da zaman. Ya tashi ya leƙa babur, ya dawo, ya aika a dubo masa gero, ya yi tsaki. Da jiki ya ƙi, sai ya haƙura ya zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa. A mako na biyu ne na jiyo muryarsa ta saman danga.

"Kulu, zo ki gani."

Na yar da matsami na zagayo da gudu, a zatona amai ya yi. Na tarar da shi ya ƙura wa bangon rumbu ido. Zanzaro ne yake gini. Zai sauka bakin randa inda ƙasa take da laima, ya dunƙula ɗan ƙwallo, ya tashi da shi, ya liƙa, ya shafe da ƙafa. Malam ya ce tun safe yake kallonsa, kuma a duk maginan garin nan bai ga wanda ya kai shi iya yaɓe ba. Na ce masa ƙuli yana kan wuta. Kafin in koma ya ƙone ƙurmus, kasko guda, a shekarar da ko ƙonannen ba a zubarwa.

Tun daga ranar in ya kira, sai in ce ina zuwa. Kowa ya san ina zuwan mace mai kasko a wuta. Shi ma ya sani, amma bai daina kira ba. Sai ya riƙa tara mini abin da ya gani, in na shigo da yamma ina haɗa masa kunu ya zazzage mini. Wai tun yana yaro yake shuka kuɓewa, 'ya'yan kawai ya sani, bai taɓa lura furenta yana da jan ciki kamar an ɗiga masa lalle ba, da safe ya buɗe, kafin azahar ya naɗe. Wai akwai kurciyoyi biyu da suke zuwa shan ruwa wajen kaskon kaji, kullum ɗaya sai ta jira ɗaya. Wai raɓa takan jeru a yanar gizo-gizon da ke jikin danga, in rana ta fito sai ka rantse duwatsun wuya ne. Wata rana ya ce ashe in ina tankaɗe ina 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Mun aurar da 'ya, mun ga jika, sai yanzu ya ji.

Gaskiya haushi nake ji, ba daɗi ba. Sai da ciwo ya kayar da mutumin nan ya ga gidansa, kuma ciwon da ya zaunar da shi, shi ne ya hana ni zama. Babur ya tsaya, gona sai an biya 'yan ƙodago, duk abin da za a ci daga kaskon nan zai fito. Masu zuwa dubiya kuwa su kalle ni su ce, Kulu, kin rame, ki riƙa hutawa. Su tashi su bar mini sabuwar saiwa a kan tabarma, ba ko mudun hatsi.

Sati yana zagayowa jiki yana ja da baya. Ƙaiƙayi ya zo, ya yi ta susa har fata ta yi fari. Kafaɗu suka zube, ƙafafu suka kumbura, takalminsa ya daina shiga. Sai ciki ya fara tasowa. Yaya Haruna ya zo ya danna, ya ce alhamdu lillahi, ciwon ne ya taru wuri ɗaya zai fita, a ƙara yawan jiƙo. Akuyata ta tafi wajen mai maganin kasuwa, 'yarta ta bi ta. Ranar da na yi ƙarfin hali na ambaci asibiti, a gaban mutane Yaya Haruna ya tambaye ni ko so nake in kai ƙanensa a kashe. Malam ya ce in bari, Yaya ya fi mu sani. Na haɗiye maganata na koma bayan danga.

Abin da ya raba gardama wata safiya ce da na kawo masa kunu ya dube ni ya ce Inna. Innarsa ta daɗe a ƙasa. Ya tambaye ni wa ya sauya wa ɗakin ƙofa, hannunsa yana rawa, bakinsa yana wani irin wari da ban san shi da shi ba. Zuwa hantsi ya dawo hayyacinsa, bai ma san ya yi ba. Na ari wayar Talatu na kira surukina Isiyaku, mijin babbar 'yata da ke aure a Ungogo, yana jan adaidaita sahu. Na ce ya zo ran Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci.

Amma ban ɗauki Malam kamar buhu ba. Na durƙusa a gabansa na gaya masa inda za mu.

"Za su yi mini allura?"

"Za su yi."

Ya daɗe yana kallon tukwanen nan na gindin rumbu. Sannan ya ce, "To, mu je. Na gaji da ɗaci."

Wani babban asibiti muka je a cikin Kano. Layin kati daban, na ganin likita daban, na ɗibar jini, na hoton ciki, kowane layi da tagar biyansa. Isiyaku ya koma ƙauye ya tura babur ɗin Malam kasuwa, abin da aka samu tagogin nan suka shanye shi a hankali. Ba gado, a baranda muka fara zama a kan tabarmarmu. Safar hannu da auduga da sirinji, duk kai za ka saya. Amma ba zan manta wata gajeruwar nas da ta yi ta zagaye har ta samo mana gado ba, da wata mata mai jinyar mahaifinta da take raba kununta biyu ta miƙo mini. Ko sunanta ban tambaya ba.

Likitar mace ce, ba ta fi 'yata ba, idonta duk gajiya. Ta tambayi abin da muka ba shi. Na fara lissafi tana rubutawa, da na yi nisa sai ta ajiye biron. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ta daɗe a hantarsa tana ci ba a sani ba, kuma duk abin da mutum ya haɗiya hanta ce take tace shi, mu kuwa mun yi ta ɗura mata aiki tana neman hutu. Ta ce hantar ta ƙanƙance, ta yi tauri. Ta sa aka gwada jinina da na yara. Na tambaye ta maganar allura.

"Mama, ba allura take kashe su ba. Sai sun kai gargara ake kawo mana su, mu sa allura, su cika, a ce mu ne."

Na ce to da mun zo tun ranar da idon ya rine, da ya warke?

"Ban ce da ya warke ba. Amma da ya daɗe."

Wannan maganar ita ce take kwana da ni take tashi da ni har yau.

Da nas ta zo sa masa ƙarin ruwa, Malam ya runtse ido ya yi kalmar shahada. Allura ta shiga. Ya jira, ya jira, sannan ya buɗe ido ɗaya ya ga silin, ya ga ni, sai ya kama dariya har da tari. Suka zuƙe masa ruwan cikin, ya samu numfashi, ya ci abinci da gishiri, hankalinsa ya dawo sarai. Na fara sa rai. Har a can bai bar halinsa ba: wai in zo in ga yadda hasken taga yake shiga ɗigon ruwan nan kafin ya faɗo. Ni kuwa ina riƙe da takardar magani, layi yana jirana.

Sauƙin bai zauna ba. Cikin ya sake cika, barci ya yi masa yawa. Wata safiya likitar ta kira ni waje ta ce abin da za su iya sun yi, in yana son gida mu kai shi gida. Ta faɗa a hankali, ta riƙe mini hannu. Na gode mata, don ba ta yi mini ƙarya ba.

Kaka ta fara shigowa ranar da Isiyaku ya ɗauko mu. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauye, Malam ya ce a rage gudu. Na-Tsaye ne yau yake cewa a rage gudu. Da muka hau wani ɗan tudu kafin gari ya ce a tsaya, a sauke shi. Muka kama shi muka zaunar a bakin hanya. Ni ina tsaye, hankalina yana kan abin da Yaya Haruna zai ce da abin da zan ɗora a wuta. Sai na ji ya kama bakin zanena.

"Yau ba kasko a wuta, Kulu. Zauna."

Na zauna. Ya ce ya bi ta tudun nan sau ba adadi, abin da ya sani game da shi kawai nan ne ake sauya wa babur giya. Daga wurin ana hango garinmu gaba ɗaya. Dawa ta sunkuyar da jajayen kawuna, wake ya malale a ƙarƙashinta kore shar, ga gawo yana fid da sabon ganye lokacin da sauran itatuwa suke shirin zubar da nasu. Ana cirar gyaɗa a wata gona, iska tana kawo ƙamshin ƙasar. Balbelu suna bin shanu a wata fadama, hayaƙi yana tashi siriri daga gidaje, har na gane na gidan Talatu. Isiyaku ya roƙo mana tumun gero wajen masu aiki, Malam ya murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya hure, ya tauna, ya zuba mini sauran.

"Ashe garinmu yana da kyau," in ji shi.

Yana da kyau. Na gani da idona, kuma ganin ya ƙara mini baƙin ciki ne. Abin nan yana nan kullum a bakin hanya, shi kaɗai ne bai ƙara kuɗi ba a shekarun nan, amma mu biyu muka kasa samunsa sai da aka sallamo mu daga asibiti. Muka zauna har rana ta karkata. Iyakar zaman da na yi da mijina ke nan wanda ba ciwo nake dubawa ba, ba abinci nake miƙawa ba.

A makon da ya biyo baya ya cika, da hantsi, ina gefensa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Yaya Haruna ya yi kuka na gaskiya, ba zan ɗauki alhakinsa ba, yana son ƙanensa. Amma ina bayan labule ranar zaman makoki na ji yana gaya wa masu ta'aziyya cewa jiƙo ya fara aiki, ciwon ya taru zai fita, sai aka saci jiki aka kai shi aka yi masa allura. Mutane suna ta cewa Allahu Akbar, ai shawara da allura ba sa haɗuwa. Mai takaba ba ta ɗaga murya, kuma ko na ɗaga, muryar wa za a ji?

Yanzu ga ni a zaune, ni ma dole ce ta zaunar da ni. Talatu ce take yi mini suya tana kai wa masu saye. Ina ganin yadda rana take bin bangon ɗaki tana sauka, da yadda kaza take karkata kai kafin ta tsinci ƙwaya, in buɗe baki zan kira wani ya zo ya gani, sai in tuna.

Makon jiya Talatu ta shigo ta ce akwai wani matashi a unguwar gabas, magidanci mai 'ya ɗaya, idonsa ya yi ɗorawa, har an jera tukwane. Ba ni da halin fita. Na roƙe ta ta je ta gaya musu, don girman Allah su kai shi asibiti tun yana tafiya da ƙafarsa, ta faɗa musu duk abin da likita ta gaya mini, kada ta rage ko kalma.

Ta je ta dawo kafin la'asar. Ta zauna a bakin tabarma tana wasa da gefen ɗankwalinta, tana ba ni labarin tsadar gyaɗa. Na ce ta bar zancen gyaɗa ta gaya mini abin da suka ce.

"Sun ce a gaishe ki, Allah ya ba ki haƙuri. Sun ce da ma sun yi niyyar kai shi gobe, sai aka tuna musu abin da allura ta yi wa Na-Tsaye."